Kafin ka kawo piranha ɗaki: girman tanki da yadda ake ciyar da shi

Salam 'yan uwa. Tun da labari ya zaga lungunmu nan Mamobi a Ankara (Accra), babban birnin Gana, cewa wai ina kiwon kifin da ke cin mutum, ɗakina ya koma wajen kallo, yara su leƙo ta taga, manya su shigo da sallama wai gaisuwa suka zo amma ido na kan tanki. Kuma duk wanda ya shigo gwiwa a sanyaye yake fita. Ana buɗe ƙofa kifayen nan biyar za su watse su shige bayan kututture, wani ma har ya bugi gilas dan firgita. Hajiyarmu ta tsaya ta ƙare musu kallo ta ce, "Yanzu a kan waɗannan matsoratan ka hana mu sakat? Ai karfasar Akosombo ma ta fi su zuciya." Ban iya musa mata ba.

Toh tunda samari biyu uku sun ce su ma suna so, bari in faɗi abin da na sani, wani na karanta ne wani kuma asara ce ta koya min. Kiwon kifin nan ruwa mai yawa yake so da abinci daidai gwargwado, mu kuma sai mu juya abin, mu matse su a ɗan ƙaramin tanki mu dinga antaya musu nama dan 'yan kallo su yi ihu.

Piranha kifin Kudancin Amurka ne, kogin Amazon da su Paraguay da Parana da Orinoco, sunan ma daga yaren Tupi na Burazil ya fito, kifi mai haƙori kenan. Wanda aka fi samu wajen masu sayar da kifin ado shi ne mai jan ciki, masana na ce masa Pygocentrus nattereri, kuma a kansa zan yi magana. Akwai baƙin mai jan ido, Serrasalmus rhombeus, shi wannan ba ya zama da kowa ko ɗan uwansa, yana wuce santimita 40, ba na sabon shiga ba ne. Mugun sunan da suka yi kuwa da yawansa daga tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt ne, ya je Burazil a 1913 zuwa 1914 ya dawo ya rubuta su kamar aljanun ruwa, 'yan fim suka ɗora daga nan. A 2005 masu bincike a yankin Mamiraua na Burazil sun nuna cewa taruwar da mai jan ciki ke yi garke-garke ta tsoro ce, gudun kada da manyan tsuntsaye da sauran masu cinsa yake. Amma fa haƙoran na gaske ne, layi ɗaya sama layi ɗaya ƙasa, masu tsini, suna shiga juna kamar almakashi.

Ranar saye ka duba bakin da kyau. Akwai wani ɗan uwansa pacu, suna ƙanana kamar an tsaga kara, jan cikin ma iri ɗaya. Piranha haɓarsa ta ƙasa a turo take gaba kamar mai neman faɗa, pacu bakinsa a dunƙule, haƙoransa masu faɗi kamar na mutum. In ka yi kuskure ka kwaso pacu ka shiga uku, dan yana kai santimita 70 har fiye, babu tankin ɗaki da zai riƙe shi.

Yanzu girman tanki, inda na ci ƙasa. Na farkona guda biyar na saya, kowanne bai fi kwandalar sidi ɗaya ba, na zuba su a tanki mai lita 60. Mai sayarwar ya ce min, "Masa kar ka damu, kifi daidai tankinsa yake girma." Wallahi ƙarya ce. Abin da ke faruwa shi ne ruwan ya lalace, kifin ya tsumbure, ya yi ta ciwo, ya mutu da wuri. A watannin farko mai jan ciki na iya ƙara wajen santimita 2 duk wata in yana samun abinci, kafin shekara ta zagayo ya kai 12 zuwa 15, daga nan girman ya rage gudu har ya tsaya wajen 25 zuwa 30, faɗinsa kamar farantin cin waakye, shinkafa da wake, kuma yana iya shekara 10 ko fiye a hannunka. Nawa wata huɗu kawai suka yi, na tashi da asuba na tarar ɗaya ba ido guda, bayan sati wani kuma kai kawai aka bar min yana yawo a saman ruwa.

Lissafin da masu kiwo suka saba yi shi ne kowane babban kifi a ba shi lita 80 aƙalla, ni dai na fi son 100. Guda biyar kenan kana maganar lita 400 zuwa 500. In guda ɗaya tal zaka ajiye kar ka yi ƙasa da 200, dan shi ma yana bukatar wajen juyawa da wajen gudu. Yadda zaka san litar tanki ba wuya: tsawo sau faɗi sau zurfi da santimita, ka raba da 1000. Nawa na yanzu 150 ne da 60 da 60, ya ba da lita 540, wato jarkar nan rawaya da muke ce wa galan Kufuor, mai lita 25, guda 21 da 'yan kai. Mai 120 da 45 da 45 lita 243 ne, ya ishi guda ɗaya, ko ƙanana na 'yan watanni kafin ka sauya musu. In kana da hali da wuri ka yi 180 da 60 da 60, lita 648, shida za su sake a ciki. Kuma tsawo da faɗi sun fi zurfi amfani, tankin nan dogo siriri da ake kafawa a kusurwar falo dan ado bai dace da su ba sam, kifi ne mai zabura a guje in ya tsorata, in faɗin ya yi kaɗan kullum haɓarsa na bugun gilas har ta yi ƙulli.

Maganar yawa kuma, ko ɗaya ko biyar zuwa sama. Biyu masifa ce, ƙarfaffan zai tasa ɗayan gaba har ya gama da shi, uku ma biyu na iya haɗe wa ɗaya kai. In suna da yawa faɗan na rarrabuwa. Su zama girma ɗaya, ka zuba su rana ɗaya, kar ka kawo baƙo daga baya. Wani kifin daban kuma, tarwaɗa ne ko karfasa ko mai goge gilas ɗin nan, yana iya wata shida lafiya lau har ka fara cika baki, ran nan ka wayi gari babu shi.

Wajen mai gilas kar ka nemi araha. Tanki mai zurfin 60 da tsawon 150 gilas mai kaurin milimita 12 zaka sa, da maɗauri a sama gefe da gefe da tsakiya dan kar ya buɗe ciki. Silikon ɗin ya zama na tankin kifi, ba na banɗaki ba, wancan akwai maganin hana fumfuna a ciki kuma guba ne ga kifi. Ka bar shi sati ya bushe, ka cika shi a tsakar gida ya kwana biyu ka gani ko yana yoyo. Sannan nauyi: lita ɗaya kilo ɗaya ce, ruwa kilo 540, gilas kansa ya haura 100, ga yashi ga kututture, ka doshi kilo 700, buhun siminti 14 kenan a waje ɗaya. Teburin kafinta na talabijin ba zai ɗauka ba, welda zai haɗa maka da ƙarfe mai kauri, a gwada da lebul na magina, a shimfiɗa farin soson nan na cikin kwalin firij a ƙarƙashi. In a bene kake ka yi magana da mai gida tukuna. Ka kuma auna ƙofarka da lungunku kafin a haɗa, ka san lungunan Nima da Mamobi, mu sai da muka ɗaga namu mu shida muka bi ta gidan maƙwabta, ana ta "a hankali, a hankali" kamar masu ɗaukar mara lafiya.

Ka kafa shi inda ba a yawan wucewa, nesa da ƙofa da sifika da rana. Ka manna baƙar takarda a bayan gilas, fitila mara ƙarfi, kututture ɗaya ko biyu da aka jiƙa sosai, tsakiya kuma a bar musu fili. Murfi dole, mai nauyi, dan kifin na tsalle, dan kuma hannun yara. In gidan haya ne mai yara da yawa irin namu, ka sa kwaɗo ma ba laifi.

Ruwa. Mai cin nama kashinsa da yawa, kuma ba ya ci da tsabta, yagar abinci yake gutsattsari na watsuwa. Filta ka nemi babba ta waje mai kama da bokiti, wadda za ta juya ruwan tankin gaba ɗaya sau 5 ko fiye a awa, na lita 540 kenan mai tura lita 2700 zuwa 3000. Kuma kar ka haɗa tanki yau ka zuba kifi gobe. Kashin kifi na zama amoniya, wasu ƙwayoyin halitta da ke zama cikin soson filta su mai da ita nitirayit, wasu su mai da wannan nitiret, na farko da na biyu kisa suke, na ukun ne mai sauƙi. Kafin ƙwayoyin nan su kafu sai sati 4 zuwa 6 filta na aiki kana ɗan jefa abinci a ruwan ba kifi, ko ka roƙi tsohon soso wajen wani mai tanki ya rage maka jira. Ka sayi kayan gwajin ruwa, amoniya sifili, nitirayit sifili, nitiret ƙasa da 40. Duk sati ka zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da tiyo kana bin yashi, a nawa galan shida kenan, kuma a nan ne ya kamata mai zama Ankara ya tsaya ya yi tunani: in unguwarku famfo sai ya ga dama yake zuwa, kana da inda zaka tara galan shida duk sati na shekara goma? Ruwan famfo akwai kilorin, ka ɗiga maganin kashe shi kafin ka zuba. Ruwan burtsatse a wasu unguwannin Ankara gishiri gare shi, su kuma kifin ruwan daɗi ne mai laushi, awon tsaminsa, wato pH, 6 zuwa 7.5, ka gwada kafin ka yarda da shi. Soson filta da ruwan tanki ake ɗauraye shi, ka kai shi bakin famfo ka kashe ƙwayoyin ka koma farko. In ka ga ruwa ya yi fari-fari ko ya fara ƙarni, ruwa ba ya tsami banza, ka duba bayan kututture akwai guntun abinci da ya maƙale.

Zafi digiri 24 zuwa 28 suke so. Mu nan hita ba ta cika zama dole ba, sai 'yan uwa na Kumasi, Aboabo da Asawase, lokacin hunturu a Disamba da Janairu dare na sanyi, su sa hita mai kariya dan kifin na fasa ta gilas in ya zabura. Namu ciwon kan zafin Fabrairu zuwa Afrilu ne, ruwa ya haura 30, iskar cikinsa ta ragu, faɗa ya ƙaru, sai ka ɗan ɗaga murfi ka sa raga ka juya fanka tana kaɗa saman ruwan. Dumsor kuwa, wato ɗauke wuta, ka tanadi ɗan famfon iska mai batir, shi ne ran kifinka. In wuta ta ɗauke kar ka ba su abinci, in ta daɗe awanni ka buɗe filta ka zubar da ruwan da ya kwana ciki kafin ka kunna. Sai maganin sauro na fesawa, wannan yana kashe kifi fiye da yadda kake zato, ka rufe tanki ruf ka kashe famfon iska kafin a fesa, in da hali ma ɗakin nan gidan sauro kawai.

Toh abinci. Ƙanana da ba su kai santimita 5 ba sau biyu zuwa uku a rana, kaɗan kaɗan, jan tsutsar nan da ake sayarwa a daskare, yankakkiyar tana, kifi da aka daddatsa ƙanana. A wannan lokacin yunwa ce ke sa su cin juna, kar ka tsallake musu. Kuma a nan ne zaka koya musu cin ƙwayar abincin kifi ta gwangwani ta masu cin nama, in suka girma ba su saba ba da wuya su karɓa, alhali ita ce ke cike musu bitamin. Daga santimita 8 zuwa 12 sau ɗaya a rana. Manya kuwa duk bayan kwana biyu ko uku, eh haka na ce, nawa Litinin da Laraba da Asabar suke ci. Awon shi ne abin da za su cinye cikin minti biyu, nawa biyar tsokar karfasa kamar yatsu uku zuwa huɗu ta ishe su, in ka ga sun fara ɗauka suna tofarwa sun ƙoshi. Abin da ya rage bayan minti goma ka cire shi da dogon hantsaki.

Ginshiƙin abincin farin kifi ne ɗanye, kuma mu Allah ya hutar da mu, karfasa ta tafkin Volta ga ta ko'ina. Ina saye ranar Laraba a kasuwar Nima, in fere tsokar in yanka kamar kan yatsa, in ƙulla a leda ƙulli-ƙulli na ci ɗaya ɗaya, in jefa firiza ta yi sati, daskarewar na rage tsutsotsin da ke jikin ɗanyen kifi. Ranar ci in ɗauko ƙulli ɗaya in narkar a ruwan sanyi in tsiyaye. Sau ɗaya a sati jatan lande ɗanye da ɓawonsa, ɓawon ne ke ƙara musu jan ciki, amma kar ya zama shi kaɗai kullum. Tana ma suna so sosai, in daga ƙasa mai tsabta ka tono ta, ba bakin kwata ba, ba inda aka zuba maganin ciyawa ba. Koobi da momoni da amane mai hayaƙi da soyayyen kifin kenke, duk abin da gishiri ko mai ko wuta ta taɓa, na tukunyarka ne ba na tanki ba.

Abu biyu ne nake faɗa da mutane a kai. Na farko naman dabba. Ranar Babbar Sallah kowa ya shigo da ɗan guntun naman layya a hannu wai a jefa a ga yadda za su yi, na taɓa biye musu shekara ɗaya, washegari saman ruwa ya yi maiƙo kamar miyar da ta kwana, filta ta toshe, kifaye na sama suna haki. Kitsen sa da rago da kaza jikin kifi bai iya sarrafa shi da kyau, taruwa yake a hanta da ciki. A kogi ma abincinsu ƙananan kifi ne da ƙwari da mushe da 'ya'yan itace da suka faɗo ruwa, ba saniya suke kayarwa kullum ba. Na biyu jefa musu kifi mai rai, musamman jan kifin adon nan golfish. Shi da danginsa akwai wani sinadari a jikinsu, tayaminas, da ke rusa bitamin B1, kifin da ya daɗe yana cinsu sai jijiyoyinsa su taɓu ya fara iyo a karkace. Ga cuta da suke shigowa da ita daga tankin mai sayarwa. Ni kuma ko ba wannan ba, ban ga dalilin azabtar da abu mai rai dan a ɗauki bidiyo ba tunda yankakke ma suna ci, ɓera da ɗan tsako kam kar ma a fara.

In ka kawo su sabbi suka ƙi ci kwana uku huɗu kar hankalinka ya tashi, ka kashe fitila ka jefa kaɗan ka ja baya ka zauna shiru. Kifi na ganinka mai jar koma, in kana tsaye a kansu ba za su fito ba. In ka ga an gutsure wa wani jela ko fiffike zai tsiro cikin 'yan makonni in ruwa na da tsabta, ido ne ba ya dawowa. Wanda aka ji wa babban rauni ka raba shi da raga mai ƙarfi ko wani tanki, in ba haka ba za su ƙarasa shi.

Sa hannu a tanki ana yi, ni ma ina yi duk sati, guduwa suke can ƙarshe. Amma ba da ciwo a hannu ba, ba bayan ka taɓa kifi ko nama ba, kuma kar ka matse su a kusurwa, idonka na kansu. Yawancin cizo a waje yake faruwa, lokacin da aka kama shi yana fizge-fizge. Komar kamun kifi ta zare cizo ɗaya zai huda ta ya faɗo ƙasa, da bokiti ko robar da ke da murfi ake kama shi a cikin ruwa, in kuma ya faɗo ka jefa masa jiƙaƙƙen tawul mai kauri kar ka kai yatsa.

Kafin ka biya kuɗi ka tambayi mai sayarwa ta ina kifin ya shigo, shigo da kifi mai rai Gana sai da izinin hukumar kula da kamun kifi, kuma wurare da dama a duniya kamar jihohin California da Texas da Florida a Amurka sun hana ajiye shi gaba ɗaya. Dalilinsu ya shafe mu fiye da kowa, ruwanmu ɗumi gare shi shekara duka kamar na garinsu. In ka gaji da su kar ka kai su kogin Densu ko dam ɗin Weija ko tafkin Bosomtwi ko kwatar unguwa, ka nemi wani mai tanki ko ka mayar wa mai shago ko kyauta ne.

In tafiya ta kama ka, ka ce zaka Tamale ko Bawku biki na kwana huɗu biyar, manya ba abin da zai same su, ka canza ruwa ka ciyar da su kwana ɗaya kafin ka tashi shikenan. In zaka wuce sati ka bar wa mutum ɗaya tak, ka nuna masa ƙullin leda a firiza ka rubuta ranakun a jikin bango, sauran kifin ka kai firizar maƙwabta. Ni ƙanina nake bar wa, da makullin kwaɗon da batir huɗu na famfon iska, Hajiya kuma na roƙe ta ko sun yi mata kallon yunwa kar ta jefa musu ragowar tuwo.